Motar haibirid a Accra: tambayoyin da ake yawan yi kafin a sauya mota

Tun shekarar 2022, da litar fetur ta tashi daga ƙasa da sidi 7 a farkon shekara ta kai kusan sidi 18 a watan Nuwamba, maganar motar haibirid ba ta bar bakin direbobi ba a Nima, Maamobi, Fadama da Madina. Masu aikin Bolt, Uber da Yango ne suka fi tambaya, sai ma'aikatan ofis da 'yan kasuwa masu kai da komo tsakanin Tudu da Tema. Na tattara tambayoyin da suka fi maimaituwa. Matsayina shi ne: haibirid tana mayar wa mutum kuɗinsa idan yana yini a kan titin cikin gari, kuma ya sayi wadda aka gwada batirinta a gabansa. In babu waɗannan biyun, ya riƙe motarsa.

Wai mece ce haibirid ɗin, kuma sai an jona ta da wutar gida?

Mota ce mai injin fetur da kuma na'urar lantarki mai juya taya, tare da babban batir a baya. Kwamfutar motar ce ke zaɓar wanda zai ja: wani lokaci lantarki shi kaɗai, wani lokaci injin, wani lokaci su haɗu. Toyota ce ta fara fitar da irinta da yawa kasuwa, wato Prius, a Japan a 1997, Honda ta biyo da Insight a 1999. Ka ga fasahar ba sabuwa ba ce, ta haura shekara 25 a kan titi.

Wadda muka fi gani a nan ba a jona ta da wuta ko kaɗan. Fetur kawai za ka zuba mata, ita ce za ta caja batirinta tana tafiya. Duk wanda ya sha wuyar dumsor, wato yawan ɗauke wutar lantarki, yakan fara da wannan tambayar, kuma yana da gaskiya. To ya kwantar da hankalinsa, ko ECG, kamfanin wutar lantarki, ta ɗauke wuta kwana uku, Prius ba ruwanta. Akwai wata iri dabam mai soket, kamar Prius Prime da Mitsubishi Outlander PHEV, wadda ake cajawa a gida ta yi 'yan kilomita masu dama ba ta taɓa fetur ba. Wannan sai mai gidan kansa da mitar kansa. Wanda ke haya a gidan mutane da yawa, motarsa na kwana a bakin titi, ba tasa ba ce, domin in ba a caja ta ba nauyin batir kawai take yawo da shi.

Ta ina take rage shan mai?

Ta hanya uku, kuma duka ukun a cunkoso suka fi aiki. Na farko, da ka tsaya injin yakan mutu da kansa. Tuna safiyar Litinin daga Kasoa zuwa Mallam, ko yamma daga Tetteh Quarshie zuwa Madina: motar fetur tana nan tsaye tana ƙona mai ba ta matsa ko taku ɗaya ba. Haibirid a wannan lokacin injinta a kashe yake, kuma a Prius har na'urar sanyaya mota da lantarki take aiki, don haka sanyin ba ya yankewa. Sai batir ya yi ƙasa injin zai tashi na ɗan lokaci ya cika shi.

Na biyu, birki. A motar da muka saba, ƙarfin gudun nan da ka saya da fetur zafi yake zama a jikin birki ya tafi a banza. A haibirid, in ka ɗaga ƙafa ko ka taka birki a hankali, na'urar lantarkin sai ta koma janareta ta mayar da wani kaso na ƙarfin cikin batir. Shi ya sa ma takalmin birkinta ke daɗewa bai cinye ba.

Na uku, shi kansa injin an tsara shi ne don tsimin mai, ba shi da ƙarfin fizga sosai, lantarki ke cike masa wannan giɓin lokacin tashi. Kuma tashin mota daga tsaye shi ne ya fi cin mai a duk tuƙi.

To nawa zan rage a wata? Ku faɗa mana da sidi.

Wannan ita ce tambayar da ta fi kowace muhimmanci, kuma kowa zai iya yi wa kansa lissafinta da biro da takarda. A ma'aunin hukumar kula da muhalli ta Amurka, Prius ta 2010 zuwa 2015 tana shan abin da bai kai lita 5 ba a kilomita 100, Corolla ta shekarun nan kuma wajen lita 8. Wannan ma'aunin sabuwar mota ne. Tamu ta tsufa, ga zafi, ga ramuka, ga sanyi a kunne yini guda. Saboda haka bari mu ɗauka, a matsayin misali kawai, haibirid tana shan lita 5 da rabi, motar fetur mai girmanta tana shan lita 9. Bambanci lita 3 da rabi ke nan a kowace kilomita 100. Mu kuma ɗauka lita sidi 13 ce. Kai sai ka sa farashin da ka gani a GOIL ko Star Oil yau, tunda tun 2015 da aka sake wa kamfanoni ragamar farashi, sau biyu a wata yake iya canzawa.

Direban Bolt da ke yin kilomita 150 a rana, kwana 26 a wata, ya yi kilomita 3,900. Zai rage lita 136 da ɗoriya, wato wajen sidi 1,770 a wata, fiye da sidi 21,000 a shekara. Wannan kuɗin hayar ɗaki ne da kuɗin makarantar yara.

Ma'aikacin da ke tashi daga New Town zuwa Ministries ya dawo, ya ɗan kai iyali biki ko suna ƙarshen mako, da wuya ya wuce kilomita 800 a wata. Shi lita 28 zai rage, sidi 364.

Yanzu sai mu ce sauya motar zai ci maka ƙarin sidi 30,000 bayan ka sayar da taka. Direban nan zai mayar da kuɗinsa cikin wata 17. Ma'aikacin kuwa sai ya yi kusan shekara 7, kuma kafin lokacin akwai yiwuwar batirin ya nemi canji, lissafin ya koma baya. Mota ɗaya ce, farashi ɗaya, amma ga wani riba ce ga wani asara.

Abu guda da nake roƙon kowa: kada ka yi lissafi da abin da ka ji a majalisa. Cika tankinka taf, rubuta lambar kilomita, yi aikinka na mako, sake cikawa taf a famfo ɗaya, ka raba. Mutane da yawa ba su san ainihin abin da motarsu ke sha ba, domin na sidi 100 ko 150 suke saye kullum.

Ina da Corolla lafiyayya, ba ta ba ni matsala. In sayar?

In ba haya kake yi da ita ba, a'a. Motar da ka san tarihinta, ka san bakanikenta, ka san ranar da aka canza mata kowane abu, tana da wata daraja da ba a rubutawa a takardar ciniki. Za ka ba da ita ka karɓi wadda ba ka san abin da ta gani a Amurka ba. Ga kuɗin dillali, ga canjin suna a DVLA, hukumar rajistar motoci, ga inshora, ga 'yan gyare-gyaren da duk motar da aka saya sai ta nema a watannin farko. Lokacin da ya dace a yi tunanin haibirid shi ne lokacin da dama za ka sauya mota, ko don ta gaji ko don aikinka ya ƙaru. A nan ƙarin da ke tsakanin farashin motocin biyu ne kawai za ka auna.

Ni da Vitz nake aiki, wani abokina da Picanto. Mu fa?

Ku ribarku ba ta kai ta mai babbar mota ba, domin motocinku dama ba mashaya ba ne. In taka tana shan lita 7, bambancinka da haibirid lita 1 da rabi ne. A kilomita 3,900 ɗin nan bai wuce lita 59 ba, wajen sidi 760 a wata. Kuɗi ne, amma sai ka ɗora shi a kan sikeli da arhar kayan Vitz, wanda ko da dare ka shiga kasuwar kayan mota ta Abossey Okai za ka samu. Abin da zai iya rinjayarka shi ne kunna wa fasinja sanyi a cunkoso ba tare da gabanka na faɗuwa ba. Direbobi nawa ne ke rigima da fasinja a kan wannan kullum?

Yawancin tafiyata Kumasi ce, wani lokaci har Tamale da Bawku.

A doguwar hanya injin ne ke aiki kusan koyaushe, ba tsayawa ba yawan birki, saboda haka ragin yakan ƙanƙance. Za ta yi tsimi, amma bai kai yadda take yi tsakanin Circle da Kaneshie ba. Ƙari a kan haka, Prius gajeriya ce, cikinta kusa da ƙasa yake, in aka cika ta da mutane da buhuna za ta riƙa gogar tudun rage gudu. Kuma in ta tsaya maka a wani ƙauye bayan Kintampo, samun mai na'urar duba ta zai yi wuya. A Kumasi dai akwai Suame Magazine, unguwar masu gyaran mota. Mai irin wannan tafiya da ya nace sai haibirid, ya dubi RAV4 ko Camry, in aljihu zai ɗauka.

Batirin fa? An ce shi ne ke kashe mutum.

Tsoron yana da tushe, sai dai ana ƙara masa gishiri. Batir biyu ne a motar. Akwai ƙarami mai bolt 12 kamar na kowace mota, shi ke tada kwamfuta, kuma sau da yawa in haibirid ta ƙi tashi da safe shi ne ya mutu, ba babban ba. Sai babban, wanda a Prius ta 2004 zuwa 2015 ya ƙunshi sassa 28 a jere, kowane bolt 7.2, jimilla wajen bolt 200. Na Prius c, wadda a Japan ake kira Aqua, sassa 20 ne.

A Amurka garantin da aka saba bai wa wannan batir shekara 8 ne ko mil 100,000, daga motocin 2020 kuma Toyota ta ƙara shi zuwa shekara 10 ko mil 150,000. Da yawa suna wuce haka lafiya lau. Amma dubi abin da ke isowa Tema: motar da ta riga ta yi shekara 8 ko 10 a can. Wato garantin ya ƙare ko yana gab da ƙarewa ranar da ka karɓi makulli, kuma dama ba ya biyo mota zuwa nan. Don haka duk wanda ya sayi tsohuwar haibirid ya sa a ransa cewa canjin batir yana cikin kuɗin motar, ya riƙa ware wani abu daga rarar man kowane wata. Wanda ya cinye rarar duka shi ne ranar da jan alwatikan gargaɗi ya bayyana a dashbod zai ce haibirid yaudara ce.

Zafi ne babban abokin gabar batirin, mu kuma muna da shi shekara duka. Da iskar cikin mota ake sanyaya shi: akwai 'yar kafa kusa da kujerar baya, da fanka a ciki mai zuƙar iska. Ƙurar hunturu, gashi, zaren tufafi da ledar da yara suka tura duk a nan suke taruwa. A buɗe a share fankar aƙalla sau ɗaya a shekara, bayan hunturu ya fi. Kada a jingina jaka ko a rufe kafar da rigar kujera, wannan kuskuren ya yi yawa a motocin haya. A nemi inuwa wajen ajiye mota. Kuma kunna sanyi a rana tsaka taimakon batirin ne, domin iskar da kake shaƙa ita yake shaƙa.

Ta yaya zan gane ya fara gajiya, kuma me ake yi in ya mutu?

Za ka ga alamar caji a allo tana cika nan da nan ta kuma zube nan da nan. Injin zai riƙa tashi a kai a kai ko kana tsaye, fankar baya ta riƙa ƙara, shan mai ya ƙaru. A ƙarshe fitilar gargaɗi ta kama, in an sa na'ura ta nuna lambar P0A80.

Mafita uku ce. Mafi arha, a buɗe batirin a cire sashen da ya mutu a sa wani tsoho. Wannan yakan tada motar, amma sauran sassan 27 sa'o'in wanda ya mutu ne, ba da jimawa ba wani zai bi shi. In za a yi, sai a wajen wanda zai gwada ƙarfin kowane sashe ya daidaita su, ya kuma wanke tsatsar ƙarafan da ke haɗa su. Ta biyu, a sayi batir sukutum da aka ciro daga motar da ta yi hatsari. A nan ka nemi sanin shekarar motar, kuma a ba ka garanti a rubuce, ko na wata shida ne. Ta uku, sabo fil, wanda ya fi tsada nesa amma shi ne ke ba da kwanciyar hankali na shekaru. Ga wanda motar ce abincinsa, na fi son ta uku in da hali. Ranar da mota ta kwana a gareji, gida ma ya ji a tukunya.

Farashin duk waɗannan da dala yake tafiya. Ka je ka tambaya kafin ka sayi motar, ka rubuta, ka sa a lissafinka.

Bakanikena na shekara da shekaru zai iya gyara ta?

Taya, ƙafa, shokazoba, canjin baƙin mai, filogi, duk zai iya. Wasu abubuwan ma sun ragu: Prius ba ta da kik na tada inji irin na sauran motoci, ba ta da altaneta, ba kuloci, ta 2010 zuwa sama ko bel ɗin inji ba ta da shi. Amma duk wayar da ka ga ruwan lemo ce, ta babbar wuta ce, kuma a wasu wurare ƙarfinta yakan kai bolt 650. Tana kisa. Ina roƙon iyayen gidanmu masu gareji, don Allah kada a tura yaro ɗan koyo ya taɓa wannan ɓangaren da hannu tsirara. Akwai makunnin tsaro da ake zarewa, akwai jira na mintuna, akwai safar hannu ta musamman. Wanda bai koya ba ya ce bai sani ba, ba abin kunya ba ne.

Kurakurai biyu ke lalata waɗannan motoci a hannun masu kyakkyawar niyya. Ɗaya, zuba mata baƙin mai mai kauri irin na trotro, alhali Prius ta 2010 zuwa 2015 mai ruwa-ruwa, 0W-20, aka rubuta mata. Biyu, wajen ƙara iskar sanyi a zuba wa kwamfuresa man da aka saba. Nata na lantarki ne, mai na musamman take so mai suna ND-11, wanda ba ya wuce da wuta. In an sa wani, gyaran da zai biyo baya ba ƙarami ba ne.

Yanzu a Accra akwai masu gyaran da suka ƙware a haibirid, ba kamar shekarun baya ba. Nemo naka tun kafin ka biya kuɗin mota, ka kuma tafi da shi wajen ciniki.

Damina fa? Unguwarmu ruwa yana shiga.

Wannan ba abin wasa ba ne a garin da ya ga daren 3 ga Yuni, 2015, lokacin da ambaliya da gobarar gidan mai a Circle suka ci rayuka fiye da 150. Allah Ya jiƙansu. Ruwan sama da 'yan kududdufai ba sa yi wa haibirid komai, an rufe wayoyinta da kyau. Matsala ita ce ruwan da ya kai cikin mota. Batirin yana ƙarƙashin kujerar baya ko bayanta kaɗan, in ya jiƙa da ruwan kwata mai laka, yawanci ya tafi ke nan. Wanda motarsa ke kwana a Alajo, Adabraka ta gefen Odaw, ko wanda dole ya ratsa Kaneshie First Light kowace yamma, ya yi tunani sau biyu. In ruwa ya riga ya shiga, kada a danna makunni don a gani ko za ta tashi. A ɗauke ta zuwa wajen masani.

Akwai kuma ruwan da ba a nan ya shige ta ba. Yawancin motocin da ake kawo mana daga Amurka a gwanjon Copart da IAA ake sayensu, wajen da kamfanonin inshora ke zubar da motocin hatsari da na ambaliya. Bayan guguwa irin Harvey ta 2017 motoci masu ɗimbin yawa suka shiga wannan kasuwa. Motar fetur da ta sha ruwa takan lallaɓa, haibirid da ta sha ruwa ba ta da magani mai arha.

Wace iri kuka fi ba da shawara?

Ta Toyota, saboda tsarinta ya daɗe ana gwada shi kuma kayanta sun fi samuwa a nan. Amma ita ma a san lagonta. Prius ta 2010 zuwa 2015 an san ta da toshewar bututun da ke mayar da hayaƙi cikin inji, wanda in aka bari yakan kai ga ƙonewar gasket, wasu kuma suna shan baƙin mai in sun tsufa. Famfon birkinta ma in ya lalace yana da tsada. Ta 2016 zuwa sama ta fi ta lafiya. Honda Fit haibirid ta 2013 tana da wata irin giya da aka yi ta kiranta gyara a Japan, ba na son ta ga mai yini a cunkoso. Hyundai Ioniq da Kia Niro, waɗanda suka fito a 2016, suna da tsimi sosai, sai dai ka tabbatar da kaya da mai gyara tukuna. Ka kuma yi hattara da motar da aka manna wa sunan haibirid alhali ƙaramin taimako kawai lantarkinta ke yi, ba ta iya tafiya da shi shi kaɗai. Raginta kaɗan ne.

Sai maganar sitiyari. Tun 1974 Ghana ta koma tuƙi a hannun dama, motocinmu sitiyarinsu a hagu yake. Motar da aka ƙera don kasuwar Japan, kamar Aqua da Fielder, da sitiyarin dama aka yi ta, in ka gan ta da na hagu to juya shi aka yi. Juyin nan yana taɓa wayoyi, birki da jakar iska. In aikin bai yi kyau ba, a mota mai kwamfuta da yawa irin wannan, ba za ka rabu da fitilun gargaɗi ba. Wadda aka ƙera da sitiyarin hagu tun daga masana'anta ta fi.

Akwai sauƙin kuɗin fito a Tema?

Kada ka gina lissafinka a kan jita-jitar cewa haibirid ba ta biyan fito. Sassaucin da aka sanar a kasafin 2024 na motocin lantarki ne masu jigilar jama'a. Kuɗin fito yana bin darajar mota, girman inji, shekarunta da canjin dala na lokacin, kuma motar da ta haura shekara 10 akwai tarar tsufa a kanta. Ba wa ejan ɗinka lambar jikin motar, mai harufa da lambobi 17, ya fitar maka da ƙiyasi ta tsarin kwastan na ICUMS kafin a ɗora ta a jirgi.

In ci bashi in saya, ko in karɓa a tsarin aiki-ka-biya?

Bashin banki mai ruwa yakan cinye rarar man gaba ɗaya. A 2023 kuɗin ruwan Babban Bankin Ghana kansa ya kai kashi 30 cikin ɗari, balle na bankunan kasuwa. Da yawanmu ma ba ma shiga harkar ruwa saboda addini, sai adashi ko taimakon ɗan'uwa da ke waje. Wanda zai kwashi adashi ya zuba a mota, ya bar wani abu a gefe don batir da gyaran farko.

A tsarin aiki-ka-biya kuwa, inda direba ke biyan mai mota kowane mako har ta zama tasa, a zauna a rubuta tun ranar farko: in babban batir ya mutu kafin a gama biya, wa zai saya? Direba ne ke cin ribar mai, mai mota ne ke riƙe da takardu, kowa yana ganin ɗayan ne ya kamata. Na fi ganin adalci a raba, a kuma sa shaidu. Zumunci da yawa ya lalace a kan abin da bai kai wannan ba.

Ba gara in mayar da motata mai gas ba?

Kuɗin juyawar bai kai na sauya mota ba, kuma 'yan tasi sun daɗe suna yi. Amma tukunyar tana cinye but, akwai layi in gas ya yi ƙaranci, kuma aikin da ba a yi da kyau ba hatsarin gobara ne. In za ka yi, sai wajen ƙwararre, kuma a sanar da DVLA da kamfanin inshora.

An ce ba a jin ƙararta. Ba hatsari ba ne?

Hatsari ne, musamman a lungunanmu. A ƙaramin gudu da lantarki take tafiya, kusan shiru. Yaran da ke fitowa daga makaranta a Nima, tsohuwa mai tallan koko, makaho da ɗan jagoransa, duk da kunne suke sanin mota na tafe. Sababbin suna da 'yar ƙara da aka sa musu don haka, tsofaffin da yawa ba su da ita. Rage gudu, taɓa hon a hankali a kwana, ka duba baya da kyau kafin ka yi ribas. Kuma kafin ka fita ka tabbata ka kashe ta, domin shirun injin ba ya nufin a kashe take. In kalmar READY tana allo, a kunne take, kuma injin zai iya tashi da kansa, abin da ke da hatsari a rufaffen gareji.

Akwai abin da zan canza a yadda nake tuƙi?

Akwai. Daina sa giya a furi. Direbobinmu sun saba sakin mota a furi a gangara ko a cunkoso don tsimin mai, amma a haibirid ta Toyota batir ba ya caji a N, wato furi. A bar ta a D. A doguwar gangara irin ta dutsen Aburi zuwa Ayi Mensah a sa ta a B, inji ya taimaka wajen riƙe ta. Fara taka birki da wuri kuma a hankali, a nan ake samun cajin. Kada ka bari fetur ya ƙare ƙaf ka ce za ka lallaɓa da lantarki, za ka iya zuƙe babban batir har motar ta ƙi tashi ko an zuba mai. Ba a tura ta ta tashi. In za a ja ta, a ɗaga tayoyin gaba ko a ɗora ta kan babbar mota. In za ka yi doguwar tafiya, aikin Hajji ko ganin gida a arewa, bar wa wani amintacce makulli ya riƙa kunna ta a fili sau ɗaya a mako, ta yi kamar rabin awa zuwa awa guda.

Na yanke shawara zan saya. Me zan duba ranar ciniki?

Fara da lambar jikin motar. Sa ta a intanet, sau da yawa hotunan gwanjon za su fito ka ga yadda take kafin a yi mata fenti, rahoton tarihin mota na Carfax kuma zai nuna kilomitar gaskiya da ko an taɓa rubuta ta a motar ambaliya. Ɗaga kafet da wurin safaya ka nemi busasshiyar laka, ka leƙa ƙarafan ƙarƙashin kujera ko sun yi tsatsa, ka shinshina.

Je da safe ka tarar da injin da sanyi. In ya tashi yana karkarwa da ƙwanƙwasa na 'yan daƙiƙu, alamar gasket ce ko toshewar bututun nan. A sa na'urar duba mota, ko Techstream ta Toyota ko manhajar waya irin Dr. Prius, a karanta ƙarfin rukunan batirin ɗaya bayan ɗaya ana cikin tafiya, ana hawa tudu ana taka mai. In ɗaya yana faɗuwa ƙasa da 'yan'uwansa, batirin yana hanya. Mai na'urar ya kuma duba ko ba a daɗe da goge lambobin matsala ba, domin akan goge su da safe fitila ta mutu har a gama ciniki. Tuƙin gwaji ya kai rabin awa, da sanyi a kunne, ya haɗa da cunkoso da buɗaɗɗen titi kamar N1. Saurari famfon birki: in yana kuka kowane 'yan daƙiƙu ko ba ka taka ba, ya kusa. Sa a leƙa ƙarƙashi a ga ko tukunyar tace hayaƙi da ke jikin salansa tana nan, domin ta haibirid tana da ƙarafa masu tsada kuma akan yanke ta a sa bututu.

In mai mota ko dillali ya ce ba a sa wa motarsa na'ura, ko ya ce zagaye ɗaya ya isa, yi masa godiya ka tafi garejin gaba.